Yadda za ka riƙe ƙaramin garken tumaki a lokacin sanyi, ga kuma marasa lafiya a gida

Duk lokacin da sanyi ya shigo, tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu tumaki goma ko ashirin: yara sun kwanta da mura, uwarsu ta bi su, ni ma jikina ya fara, ga tumaki da tsohon ciki, ta ina zan fara? Amsar a taƙaice ita ce a tsara garken tun da lafiya, ta yadda mai zazzaɓi ko wanda bai taɓa kiwo ba zai iya gama aikin dole cikin minti 15. Ga yadda ake yi, mataki bayan mataki.

1. Tantance garken kafin sanyi ya kankama

Kama kowace tunkiya ka dafa gadon bayanta, daidai tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙugu. Kada ka dogara da ido, gashi yana ɓoye rama. Masu kiwo suna auna jiki daga 1 zuwa 5: idan ƙashin baya yana sukar hannunka, tana wajen 1 ko 2, idan kuma ka kasa jin ƙashin saboda kitse, ta kai 5. Abin da kake so shi ne wajen 3, inda kake jin ƙashin amma da nama a kansa. Duba haƙora, hantsa da kofato a lokaci guda.

Tsohuwar da haƙoranta suka zube, wadda hantsarta ta lalace, da wadda kullum take ɗingishi, su ne za su cinye maka lokaci a makon da ba ka da shi. Sayar da su yanzu. Na san akwai wadda yara suka saba da ita har suka sa mata suna, kuma rabuwa da irinta ba daɗi, to idan za a bar ta a bar ta da sanin cewa aiki ne aka ƙara. Ragowar ka raba su gida biyu: masu jiki a gefe guda, ramammu da waɗanda kake zaton tagwaye ne a gefe guda.

Rubuta ranar da rago ya shiga cikinsu. Cikin tunkiya kwana 147 ne, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan haura. Daga wannan ranar za ka san makon da bai kamata a yi tafiya ba, da lokacin allurar rigakafi da ake maimaita wa uwaye sati 4 zuwa 6 kafin haihuwa domin kariyar ta bi ta dakashi zuwa ga 'ya'ya. Likitan dabbobi zai gaya maka alluran da suka dace da cututtukan inda kake.

2. Lissafa ciyawa, ka matso da ita kusa

Tunkiya mai kilo 50 tana cin busasshiyar ciyawa kusan kilo 1.5 a rana. Tumaki 10 na kwana 120 ke nan kilo 1,800. Ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda wadda za su tattake, sai ka doshi kilo 2,200. A nan mafi yawan kuɗin lokacin sanyi yake tafiya, kuma ciyawa ta fi araha lokacin da ake yanka ta fiye da ƙarshen sanyi lokacin da kowa yake nema. Wanda ya saya rabi da niyyar ƙarowa daga baya yakan ƙaro ta da tsada, kuma sau da yawa ranar da ta ƙare ita ce ranar da yake kwance.

Ajiye ta a kan katako, ba a ƙasa ba, kuma ƙarƙashin rufi. Sai ka ware ta sati guda ka jibge ta daf da ƙofar ɗakin tumaki, inda ba sai an hau tsani ko an tura baro ba. Abincin ƙari kuma, ko hatsi ne ko dusa, a zuba shi a mazubi mai murfi, a ajiye gwangwanin awo guda ɗaya a ciki, a ja layi a jikinsa daidai inda awon yake tsayawa.

Gargaɗi: ciyawar da ta yi fumfuna ba ta tumaki ba ce, tana iya jawo ɓari da cuta, ƙurarta kuma tana cutar da huhun mai girgiza ta. Haka nan kada ka ba tumaki abinci ko gishirin lasa da aka haɗa domin shanu. Yawan sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, da ke ciki yana taruwa a hantar tunkiya har ya kashe ta.

Ruwa ya fi ciyawa wahalar ɗauka, saboda haka shi ya fi cancanta ka kashe wa kuɗi. Tunkiyar da ke cin busasshen abinci tana shan lita 4 zuwa 6 a rana, mai shayarwa kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Babban mazubi da zai ishe su kwana biyu, da tiyo da zai kai ruwa har wurin, sun fi kowane kayan aiki amfani ga mara lafiya. Inda ruwa yake daskarewa, a fasa ƙanƙarar safe da yamma, a kwashe ta a zubar, in ba haka ba nan da nan za ta sake haɗewa.

3. Gyara ɗakin: a tare zugar iska, a bar ta tana fita ta sama

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a toshe kowace kafa don tausayi. Babbar tunkiya mai ƙoshi tana jure sanyi sosai muddin jikinta a bushe yake. Abin da ke kayar da ita shi ne danshi da zarni a rufaffen ɗaki, domin nan ne ciwon huhu yake samun gindin zama. Toshe ɓangaren ƙasa, har zuwa sama da tsayin tunkiya, ta yadda iska ba za ta buge su kai tsaye ba, ka bar sama a buɗe. Don gwadawa, tsuguna daidai tsayin hancinsu ka shaƙa. Idan zarni ya sa idonka yaji, ko ka ga ruwa yana ɗiga daga rufi da safe, iska ba ta isa ba.

Kowace mai ciki tana buƙatar fili wajen murabba'in mita 1.2 zuwa 1.4, da kuma kusan santimita 45 a bakin kwami idan ana ba da abincin ƙari, don su ci gaba ɗaya ba tare da manya sun ture ƙanana ba. Haɗa ƙananan keji biyu ko uku a kusurwa tun yanzu, na mai haihuwa da na mara lafiya. Shimfiɗa kuma a riƙa ƙara busasshiya a kan tsohuwa. Gyara sakatar ƙofa, ka rataye tocila a wurin da hannu zai same ta cikin duhu.

4. Takardar garke da wanda zai tsaya maka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nemi mutum guda, maƙwabci ko ɗan'uwa ko babban yaro a gidan, ka kawo shi ya yi aikin tare da kai sau biyu ko uku tun kana da lafiya. Ku yi magana a fili kan abin da za ka biya shi ko yadda za ka rama masa. Neman taimako a waya da muryar da ta dishe, wurin wanda bai san inda bokiti yake ba, ba ya haifar da ɗa mai ido.

Rubuta takarda ɗaya, ka sa ta a leda, ka manna a ƙofa. A ciki a sami adadin tumaki a kowane ɓangare, awon abinci da lokacinsa, inda ake kunna ruwa, waɗanda ake sa ran haihuwarsu da ranakunsu, wadda take kan magani da ranar gamawa, da lambar likitan dabbobi. Sa wa tumakin alama da fenti ko lamba a kunne. "Mai baƙin kunnen nan" kai kaɗai ka san ta.

Sai akwatuna biyu, kuma kada su taɓa haɗuwa. Na tumaki: ma'aunin zafi, safar hannu doguwa, man santsi na taimakon haihuwa, aidin, tsofaffin tawul, garin dakashi, kwalbar shayarwa, sirinji da bututun ɗura. Na gida: ma'aunin zafi na mutane, farasitamol na yara da na manya, garin haɗin gishiri da sukari, sabulu, takunkumin fuska. Duka biyun a haɗe ba su kai kuɗin tunkiya ɗaya ba.

Gargaɗi: maganin dabbobi a kulle shi inda yaro ba zai kai ba. Akwai allurar tumaki, irin su tilmikosin, da ke iya kashe mutum idan ya soki kansa da ita bisa kuskure. Mai jiri ko rawar hannu kada ya yi wa dabba allura.

5. Ranar da ka wayi gari jiki ya ƙi

Fara da cikin gida. Auna zafin yara, ba su ruwa da magani, tabbatar akwai babba a kusa da su, sannan ka fita. Tumaki masu ciyawa da ruwa a gabansu za su jira awa ɗaya ba abin da zai same su, yaro mai numfashi sama-sama ba zai jira ba.

A wurin tumaki abu uku ne kawai, kuma a wannan jerin. Na farko ruwa. Na biyu ciyawa, a cika musu wurin cinta har ta kai gobe. Na uku kallo, kuma shi ne wanda mai sauri yake tsallakewa alhali ya fi sauran muhimmanci. Zuba abincin ƙari, ka ja da baya ka jingina da bango na minti biyu. Ƙirga su. Lafiyayyiyar tunkiya tana rugowa kwami, in ta ƙoshi ta kwanta tana tuƙa. Wadda ta tsaya a baya, kunnuwa a sake, kai a ƙasa, ita ce aikinka na yau. Kama ta a kusurwa, ka auna zafinta ta dubura. Na lafiyayyiya yana wajen digiri 39. Idan ya haura 40, ga tari ko majina ko haki, ware ta a keji ka kira likita a ranar.

Sauran ayyuka duk su jira: yankan kofato, kwashe taki, maganin tsutsa, gyaran shinge, kai dabba kasuwa. Ba abin da zai lalace a sati ɗaya.

Gargaɗi: kada ka ninka hatsi don ka huta fitowa da yamma, kuma ka ja wa mataimakinka kunne a kan haka, domin masu tausayi sukan ƙara. Hatsi da yawa a lokaci guda yana tsamar da tumbi, tunkiya ta kumbura ko ta mutu. Kada ya wuce giram 500 a ci ɗaya. Ciyawa ce ake iya tarawa, ban da hatsi.

Idan zazzaɓinka ya yi zafi, kana jiri, ko ƙirji yana ciwo, wannan ce ranar da aka rubuta takardar ƙofa dominta. Kira mutuminka ka kwanta. Wanda ya tilasta wa kansa ɗaukar bokiti cikin sanyi da mura mai tsanani yakan mayar da jinyar kwana biyar ta sati uku.

6. Jinya a cikin gida

Yawancin mura da tarin sanyi ƙwayar bairos ce take kawo su, maganin kashe bakteriya ba ya yi musu komai, saboda haka kada a sha ragowar na wancan karon. Hutu, ruwa mai yawa, da farasitamol daidai da nauyin yaro kamar yadda aka rubuta a kwalba. Rubuta lokacin da aka ba kowa magani a takarda, domin gidan da iyaye biyu suke karɓa-karɓa cikin magagin barci nan ne ake ba yaro sau biyu. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin, ba a kuma ba jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma don tari.

Koyi ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cur lokacin da yake kwance shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, da 40 daga shekara 1 zuwa 5. Idan ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya kasa sha, ko ya yi jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, asibiti za a nufa nan take, ko da tunkiya tana naƙuda. Haka ma jaririn da bai kai wata 3 ba idan zafinsa ya kai digiri 38. Tsofaffi da masu asma ko ciwon sukari su ma kada a yi jinkiri da su.

Gargaɗi: kada a kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki don ɗumi. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Iyaye su raba dare biyu, kowa ya sami barcin awa huɗu ko biyar a jere. Girki a sauƙaƙa shi, a dafa da yawa sau ɗaya, wanki da shara su jira. Yaran da suka warke za su iya ƙirga tumaki daga bakin ƙofa ko riƙe tocila, hakan ma yana rage musu ƙosawa.

7. Kada garke ya shigo gida

Ware takalmi da riga ta sama na wurin tumaki, su tsaya a waje. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin a taɓa yaro ko abinci. 'Yan tumaki masu zawo suna iya sa wa ƙananan yara zawo mai tsanani, ƙurajen da ke fitowa a bakinsu kuma suna kama hannun mutum.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagorar: mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, kada ta taimaki tunkiya wajen haihuwa, kada ta taɓa sabon haihuwa, mabiyiya ko shimfiɗar da ta jiƙe, kada kuma ta wanke kayan wanda ya yi aikin. Cututtukan da ke sa tumaki ɓari suna iya sa mace ɓari. Ko kowa a gidan ya kwanta sai ita, a nemo wani daga waje. Idan tunkiya ta yi ɓari, a ware ta, a sa safar hannu a kwashe komai, a sanar da likita.

8. Masu tsohon ciki

Kusan kashi 70 cikin 100 na girman ɗan tayi a sati shida na ƙarshe yake faruwa. A daidai lokacin kuma ciki ya matse tumbi, uwar ba ta iya cin ciyawa da yawa. Shi ya sa ake fara abincin ƙari a hankali, ana ɗan ƙarawa kowane sati, a raba shi safe da yamma idan ya yi yawa. Wannan rukunin kaɗai ne ba a yarda ya tsallake ci ba, ko na yini ɗaya, duk yadda gida ya rikice.

Mai tagwaye da ta rasa isasshen abinci takan ware kanta, ta ƙi ci, ta riƙa cizon haƙora, ta yi kamar ba ta gani, daga baya ta kwanta ta kasa tashi. Ƙarancin kalsiyam ma yana zuwa da kamanni kusan iri ɗaya, kuma maganinsu daban, saboda haka likita ne zai raba gardama. Kira shi tun tana tsaye. Kuɗin zuwansa bai kai asarar uwa da 'ya'ya biyu ba, kuma wadda ta riga ta kwanta kwana biyu da wuya take tashi.

9. Idan haihuwa ta zo cikin dare

Leƙa su kafin ka kwanta, sau ɗaya a tsakiyar dare idan akwai wadda hantsarta ta cika ta ware kanta, sannan da sassafe. Yawancin tumaki suna haihuwa da kansu. Idan faya ta fashe, tana yunƙuri sosai har minti 30 zuwa awa ɗaya ba ci gaba, wanke hannu, sa safa da man santsi ka duba. Daidai shi ne ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu. Abin da ka kasa ganewa cikin minti kaɗan, bar wa likita, kada ka ja da ƙarfi.

Da ɗan ya faɗo, share masa hanci, ka bar uwar ta lashe shi, ka tsoma cibiyar cikin aidin. Matsa nonon biyu ka tabbatar suna zuba. Ɗan yana buƙatar dakashi mililita 50 ga kowane kilo na nauyinsa cikin awa biyu na farko, da kusan mililita 200 ga kowane kilo cikin yini da kwana. Ɗan kilo 4 ke nan mililita 200 a shan farko. Taɓa cikinsa: wanda ya sha za ka ji shi a cike. Kada ka koma barci sai ka tabbatar da wannan, domin yunwa ce take buɗe wa sanyi ƙofa.

Wanda ka tarar a takure, bakinsa da sanyi, auna zafin jikinsa. Daga 39 zuwa 40 lafiya lau. Tsakanin 37 da 39, goge shi ya bushe, ba shi dakashi mai ɗumi, ka mayar da shi wurin uwa a keji mara zugar iska. Ƙasa da 37 hatsari ne. Idan bai wuce awa biyar da haihuwa ba, busar da shi, ɗumama shi a hankali, sannan ka ba shi dakashi. Idan ya wuce awa biyar, ƙarfin da aka haife shi da shi ya ƙare, ɗumama shi kafin ya sami abinci na iya sa shi jijjiga ya mutu. Mai iya ɗaga kai a fara ɗura masa, wanda ba ya iya ɗagawa kuma allurar gulukos yake buƙata daga likita ko wanda aka koya wa.

Gargaɗi: ba a ɗura wa ɗan da ba ya iya riƙe kansa komai ta baki, huhu zai tafi. Fitilar ɗumi kuma a ɗaure ta da sarƙa nesa da shimfiɗa, tana tayar da gobara. Idan dole ne a shigo da ɗan cikin gida, a sa shi a kwali nesa da wurin girki da wurin wasan yara.

10. Bayan kowa ya miƙe

Kada ka kwashe aikin da ya taru a rana ɗaya. Fara da shimfiɗar da ta jiƙe, domin ita ce take ruɓar da kofato, sannan ka sake dafa bayan kowace tunkiya ka ga wadda ta rame a makon da ido bai kai ba, ka mayar da ita ɓangaren masu ƙarin abinci. Duba takardar magani: dabbar da aka yi wa allura tana da kwanakin jira da aka rubuta a kwalba kafin a yanka ta ko a sha nononta. Lissafa ciyawar da ta rage da kwanakin da suka rage, cike abin da ya ƙare a akwatunan biyu, ka sallami mataimakinka, ka tambaye shi abin da ya rasa a takardar ƙofa ka ƙara shi.